Bokiti Goma Sha Ɗaya

Ƙarfe tara na dare, rana ba ta gama faɗuwa ba.
Haka Wales take a watan Yuli, haske ba ya son sallama.
An naɗe rumfuna, an kwashe kujeru daga kan ciyawa,
saura ni da Nerys a tsohon kicin,
da bokiti goma sha ɗaya,
da yatsunmu masu warin ƙarfe.

Mai mahaƙar dutse ne ya gina gidan nan,
tagogi sittin da biyu,
don ya riƙa hango tsaunin da kakanninmu ke fasa masa.
Hotonsa na nan a kan matakala, hannu a ƙugu.
Ba don ƙauna aka bar shi ba, nauyi gare shi.
Dutsensa ya rufe gidajen garuruwan da bai taɓa zuwa ba,
yau nasa rufin ke yoyo
daidai kan ɗaki na huɗu.

Na san ɗaki na huɗu.
Can Emrys ya yi kwana goma sha tara,
ƙarƙashin furannin da aka zana a silin.
Ya ce, "Kakana ko ƙofar baya bai isa ya taka ba,
ga ni kwance a sama, ana tambayata ko shayi ya yi zafi."
Ya fara dariya, tari ya ƙwace ta.

Ba a warkar da kowa a nan, kowa ya sani.
Ana juya mutum kafin gefensa ya gaji,
a jiƙa masa leɓe,
a buɗe taga ya ji kukan tumaki,
a zauna da shi ƙarfe uku na dare
lokacin da tsoro ke fitowa kiwo.
Zaman nan ma biyansa ake yi.

Shi ya sa Gethin mai burodi ya miƙa gemunsa na shekara talatin
aka aske a bainar jama'a.
Fam ɗari biyu da sha shida,
hamsin daga jakar matarsa, tana tafi.
'Yan makaranta suka turo gado mai taya
tun daga bakin teku, mil bakwai cikin yayyafi,
malamin lissafi kwance a kai da lema.
Tsohuwa Ceinwen ta sayar da kek ɗinta,
ta saye shi, ta sake sayarwa.
An yi gwanjon agogon da ya tsaya tun kafin a haife ni,
mutum biyu suka kusa ɓatawa a kansa.

Yanzu sai ƙirga.
Goma, goma, a jera kamar haƙora.
Ga maɓallin riga. Ga kwabon Sifen da aka daina karɓa.
Ga ambulan da rubutun yaro, haruffa na gangarowa:
"Na tagar Kaka ne, kar a rufe ta."
Fam ɗaya da sulalla uku a ciki.
Nerys ta cire tabarau, ta daɗe tana goge shi.

Dubu huɗu da ɗari uku da tara.
Mai gyaran rufi dubu goma sha takwas ya ce.
"Da yayyafi kogi kan cika," in ji Nerys.
Na ce, da shi kuma katako kan ruɓe.
Ta jefe ni da maɓallin.

Sai ga Angharad ta leƙo, takalminta ba ƙara,
ruwa ya dawo, ta ce, ko mun gama da bokiti ɗaya?
Na juye na ƙarshe a kan tebur, na miƙa mata.

Muna ɗaure jakunkuna muka fara ji daga sama,
ta cikin bene, ta bayan mai hannu a ƙugu:
ɗis.
Can kuma, ɗis.
Kamar wani na tsaye a duhu
yana sakawa ɗaya bayan ɗaya,
bai bar sunansa ba.